Hawan Tudun Al Khor da Yumma

Mutumin da ya tarye ni a filin jirgin Doha bai tambayi sunana ba. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Fasfo." Na ba shi, ya jefa a cikin wata leda inda na hango wasu fasfunan guda biyar ko shida, ya yi gaba, na bi bayansa ina jan akwati. Ban sake riƙe fasfon nan a hannuna ba sai bayan shekara ɗaya da wata bakwai.

Sunana Sa'adatu, haifaffiyar Funtuwa. Na yi karatun jinya na ƙaramin mataki, na shekara tara a wani asibitin unguwa ina wanke ciwo, ina yin allura, ina karɓar haihuwa. Da maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyu, sai rayuwa ta fara fin ƙarfina. Wani ejan a Kano ya nuna mini takarda mai tambari, ya rantse cewa wani babban asibiti ne a Qatar yake neman mata masu hannun jinya. Na bar yaran a wurin Inna, mahaifiyata, na taho.

Inda aka fara sauke ni wani ɗaki ne a saman shagon gyaran waya a unguwar Fereej Abdel Aziz. Mu takwas ne a ciki, ga gadaje masu hawa biyu, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa a bokiti. Akwai 'yan Kenya uku, 'yan Uganda biyu, sauran ban ma san ƙasarsu ba. Ba mai fita. Da safe a miƙo burodi da shayi, da rana shinkafa. Ta taga nake kallon maza suna wucewa cikin kayan aiki, ina ta kasa kunne ko zan ji wani ya yi Hausa. Ban ji ba.

A rana ta tara wata mata daga ofishin ejan ɗin ta zo da takardu ta ce in sa hannu. Na tattaro ɗan Turancina na ce, "Asibitin fa?" Ta dube ni kamar wadda ta gaji da jin wannan tambayar, ta ɗora yatsa a kan wata kalma. Larabcin Islamiyya ya ishe ni in karanta ta. Khadima. Ko a gida mun san hadima.

Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata. Wata 'yar Kenya da ke kwana a gadon samana ta sauko ta miƙo mini wayarta, ta ce in kira uwata. Na kira Inna na ce mata na iso lafiya, asibitin yana da tsabta, kowa yana da kirki. Ta sa mini albarka. Washegari aka zo aka tafi da 'yar Kenyan, ban sake ganinta ba, ko sunanta ban riƙe ba.

Ni kuma aka kai ni Umm Salal, arewa da Doha, wani gida mai doguwar katanga da bishiyoyin dabino. Maigidan, Jasim, yana aiki a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay, mutum ne mai ƙarancin magana. Matarsa kowa Madam yake ce mata. Aikina shi ne kula da mahaifiyarsa, tsohuwa da ta haura tamanin, wadda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken marasa lafiya, ga ciwon suga, ga numfashi da ke yi mata gardama. Duk gidan Yumma suke kiranta, wato Mama. Kullum tana sanye da batula, wani abin rufe gira da hanci da leɓe mai ƙyalli kamar tagulla da tsofaffin matansu ke sawa. Idanunta kawai na sani da farko, kuma idanun nan ba abin da ke wuce su.

Mata huɗu ta kora kafin ni. Ranar farko na kawo mata ruwa ta tunkuɗe kofin. Rana ta biyu na juya ta zan canza zanin gado, sai na ga gyambon kwanciya a ƙugunta wanda ba wanda ya lura da shi. Ban nemi izinin kowa ba. Na wanke, na sa magani, na riƙa juya ta duk bayan awa biyu tana zagina da kalmomin da ban gane ba tukuna. Cikin sati uku ciwon ya kame. Ba ta ce ta gode ba. Sai dai wata safiya ta ji ina tilawa ƙasa-ƙasa ina ninke kaya, ta buga sandarta a ƙasa ta ce in ɗaga murya. Daga nan kullum bayan sallar asuba ni nake yi mata karatu, tana gyara mini fitar haruffa. Sunana ma ta gyara shi ya koma Sa'ada. Duk Larabcin da na iya na yau da kullum, a faɗanta na koye shi.

Sati shida na yi ban ji Hausa ba sai a waya. Wata rana ina fitowa da kwandon wanki ta ƙofar baya, sai na ji an ce, "Sannu, ka yi hankali, ƙasa ya jiƙe." Na waiga ina neman namijin da ake yi wa magana. Ashe ni ake nufi. Direban gidan ne da ya dawo daga hutu, wani dattijo mai furfura, Baba Issaka, mutumin Zangon Kumasi a Ghana. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Na ajiye kwandon na durƙusa na gaishe shi, na yi ta jan gaisuwar, ina gida, ina gajiya, yaya aiki, yaya hanya, don kawai kada ta ƙare. Ya gane, ya yi ta amsawa. Tun daga ranar, duk Juma'ar da ya je wurin 'yan uwansa cikin gari sai ya dawo mini da tuwon zafi da miyar ayoyo a 'yar roba. Nakan shige ɗakina in zauna a ƙasa in ci da hannu.

Inna kuwa ba ta daɗe ba ta kama ni. Wata rana muna waya ta ce, "Sa'adatu, wane irin asibiti ne wannan da ban taɓa jin kukan yaro ko ɗaya ba in kin kira?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Tsohuwa kike kula da ita?"

"E, Inna."

"To ai jinya ce. Ƙaryar ce dai ban so ba."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Na ga zafin da ba a iya taka siminti ba takalmi, na ga azumi biyu a ƙasar mutane, na ga yarana suna tsawo a cikin waya.

Cikin sanyin Disamba, wata ranar Litinin da hantsi, ƙanena Bashir ya kira ni. Ya ce, "Yaya, Inna tana asibiti a Zariya. Ƙoda ce. Likita ya ce in akwai na nesa a sanar da shi."

Na san wannan maganar. Ni kaina na sha faɗa wa dangin marasa lafiya ita.

Na tarar da Madam a falo tana zaɓen katin gayyata, don babbar 'yarta za ta yi aure a watan Fabrairu. Na tsaya har ta ɗago, na gaya mata. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, kuma na ga har zuciyarta ta faɗa. Amma da na zo kan maganar tafiya sai fuskarta ta rufe.

"Ba yanzu ba, Sa'ada. Bayan biki. Kin san Yumma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai ke." Na juya zan fita ta ƙara da cewa, "Kada kuma ta ji, jininta zai hau."

Baba Issaka ya yi wa Jasim maganar a mota suna hanyar ofis. Da ya dawo na tare shi a bakin gareji.

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce in sha Allah." Ya cire hularsa ya shafa kai. "Ɗiyata, wannan in sha Allahun ba shi da ƙafa. Amma ka ji, doka ba ya yarda kafil, wato maigida, ya riƙe fasfon mutum. In ka ce to, ni zan kai ka wurin hukuma da kaina. Sai dai zai ci kwanaki, kuma zamanka a gidan nan khalas, ya ƙare."

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina tsoron in fita in rasa aikin da yarana ke karatu da shi, ina tsoron in zauna Inna ta tafi ban gan ta ba. Ina cikin wannan sai aka ce kowa ya haɗa kaya, an ba yara hutun makaranta, za a je Al Khor a yi sati.

Al Khor gari ne a bakin teku, ba shi da nisa daga Doha, amma iskarsa daban ce. Da sanyi mutane kan cika shi su sha iska. Gidan hutun da suka kama yana kallon ruwa. Ta baranda ana ganin jiragen katako na masunta a jere, da iyalai sun shimfiɗa darduma suna gasa kifi, yara na guje-guje da ƙananan kekuna. Kowa na nishaɗi. Ni kuwa wayata na cikin aljihu, hannuna na kanta, duk ƙarar da ta yi sai in ciro ta da sauri.

A rana ta uku, bayan azahar, Madam da 'ya'yanta 'yan mata suka koma Doha gwajin ɗinkin biki. Jasim ya fita teku kamun kifi da abokansa. Kafin Madam ta tafi ta ja mini kunne cewa kada Yumma ta wuce baranda, iska na da ƙarfi. Ƙarar motarta ba ta gama ɓacewa ba Yumma ta buga sanda.

"Kira Issaka. Ɗauko abayata."

"Yumma, Madam ta ce..."

"Madam ce ta haife ni? Yalla, yi sauri."

Na ɗauki ƙaramar tukunyar iskar numfashinta da bargo da dabino uku saboda suga. Baba Issaka ya dube ni, na dube shi, muka sa ta a mota. Ita ke nuna hanya da sanda, nan dama, nan hagu, har muka bar shagunan bakin ruwa muka iso gindin wani tudu. A samansa akwai wata tsohuwar kagara, ginin tsaro na mutanen da.

A Funtuwa, inda muke da duwatsu na gaske, ba wanda zai kira wannan tudu. Amma ban taɓa tura mutum a keke zuwa kan Dutsen Funtuwa ba. Baba Issaka ya kama keken zai tura, Yumma ta daka masa tsawa ta ce ya koma mota ya jira. Ya ce mini da Hausa, "Ka bi a hankali. In wani abu ya same shi a sama, ni da kai ne a ciki." Na san haka. In numfashinta ya sarƙe a can, ba wanda zai tambayi wa ya ba da umarni.

Farkon hanyar shimfiɗe take da duwatsu, keken na tafiya. Daga tsakiya sai tsakuwa da yashi, ƙananan tayoyin gaba suka riƙa nutsewa. Na juya keken na koma ja da baya, ina takawa ɗaya-ɗaya, iska na cika mini hijabi kamar za ta ɗaga ni. Igiyar silifas ɗina ta tsinke, na cire su duka na soke a bayan keken. Sau biyu ina tsayawa in taka birki in duba leɓunanta da farcenta, ita kuma tana cewa in daina lalubenta kamar akuyar sayarwa. Kusa da ƙarshe akwai matakala biyu masu tsawo, na yi iya yina keken ya ƙi hawa. Wani mai shara, ɗan siriri, ina jin ɗan Bangladash ne, ya ajiye tsintsiyarsa, ya kama gaban keken muka ɗaga tare. Kafin in gama yi masa godiya har ya koma kan aikinsa.

Kagarar ba ta da girman da na zata. Kewayayyen gini ne mai kauri, na dutse da laka, in ka matsa kusa za ka ga ɓawon ƙananan halittun ruwa a jikin duwatsun. Akwai ƙananan ramuka a sama inda masu gadi ke leƙe. Na zagaya ina neman ƙofa ban samu ba. Yumma ta ce da igiya ake hawa, in mai gadi ya hau sai ya janye igiyarsa. Sai ginin ya tuna mini da rumbun kakana a ƙauye, wanda shi ma ta sama ake shigarsa. Na dafa bangon, da ɗumin rana a jikinsa.

Na gyara mata keken ta fuskanci teku, na rufa mata bargo. Daga nan ana ganin garin gaba ɗaya, da bakin ruwan da ya shigo cikin ƙasa kamar an lanƙwasa hannu, da jirage ƙanana suna shigowa. Na tsaya a bayanta ina kallo. Rabona da in tsaya a wurin da ido ke tafiya ba katanga ta tare shi, har na manta.

Can ta ce, "Kwana biyar ke nan muryarki na rawa a karatun asuba. Jiya kin sa mini takalmi a juye. Wa ke ciwo?"

"Ba kowa, Yumma."

Ta buga sandar a kan dutse. "Na sa kin hawo da ni nan ne don a gida bango yana da kunne. Wa ke ciwo?"

Na durƙusa a gefen keken na ce, "Uwata."

Na faɗa mata komai, da Larabcina mai ɗingishi, inda kalma ta ƙare in cika da hannu. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗaga sandar ta nuna wani wuri a ƙasa, inda yanzu aka yi filin ajiye motoci.

"Can gidanmu yake. A nan aka haife ni."

Ta ce a zamanin ƙuruciyarta garin nan ba shi da komai sai kifi da yunwa. Cinikin lu'ulu'u ya mutu, maza suka watse neman aiki. Mijinta ya samu aiki a wurin haƙar mai a Saudiyya, ta bi shi a jirgin ruwa, da alkawarin za ta dawo ganin gida bayan shekara. Shekara ta zama uku. Yau ciki, gobe goyo, jibi mijin ya ce a bari sai an samu sarari. Uwarta kuma kullum da la'asar sai ta hawo tudun nan ta zauna a inuwar kagarar tana duban jiragen da ke shigowa, har masu gadi suka saba da ita suna ajiye mata ruwa.

"Da ta kwanta ciwo an aiko mini. Na ce gobe. Mijina ya ce bayan an biya ma'aikata. Da na sauka a can," ta nuna bakin ruwan, "ƙanwata ce ta tarye ni. Kwana goma sha ɗaya da binne uwarmu."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara zaman batularta kawai ta ce, "Shekara sittin da wani abu. Na yafe wa mijina tuni. Kaina ne ban yafe wa ba."

Muna nan sai na hango farar mota ta tsaya a bayan tamu. Jasim ne. Ya dawo daga teku da wuri ya tarar da ɗaki wayam, ya kira Baba Issaka, shi kuma bai ɓoye masa ba. Ya hawo da sauri, farar rigarsa duk jirwayen ruwan gishiri, yana haki. Ni ya fara fuskanta.

"Wa ya ba ki izinin kawo ta nan?"

"Ni," in ji Yumma. "Zo nan ka tsaya inda zan gan ka."

Ya zagayo gabanta. Mutum mai furfura a gemu, amma sai ya tsaya kamar ɗan makaranta.

"Ka san uwar yarinyar nan tana kwance?"

Ya ce ya sani.

"Ina fasfonta?"

"Yana ofis, Yumma. Bayan biki za ta tafi, ni zan saya mata tikiti da kaina."

"Mutuwa ta ce maka za ta jira bikin 'yarka?"

Ya sunkuya ya rage murya, amma ina ji. "Yumma, in ta tafi ba za ta dawo ba. Ba wadda ta taɓa dawowa. Wa zai kula da ke? Ba kya cin abincin kowa."

"In ba ta dawo ba ta yi daidai, uwarta ta fi ni haƙƙi a kanta. Ni kuma ina da ɗa, ina da suruka, ina da jikoki mata uku. Hannuwanku ba su karye ba." Ta ja bargonta. "Ba zan sauka daga nan ba sai ka ce to. Kakarka ta yi shekara uku a wurin nan, ni ma zan iya yin yini ɗaya."

Ba wanda ya tambaye ni, amma na ji bakina ya ce, "Zan dawo."

Jasim ya dube ni. Ina jin ranar ce ya fara kallon fuskata sosai. Ya juya ya kalli teku na ɗan lokaci, sannan ya sunkuya ya sumbaci kan uwarsa ya ce, "To, Yumma. Yadda kika ce."

Shi ya kama keken a saukowa. Bai yi taku goma ba keken ya nemi ƙwacewa, na nuna masa yadda ake juyawa a sauka da baya. Muka sauko a hankali, shi yana riƙe, ni ina tare gaba, ƙafata ba takalmi. A gindin tudun ya share gumi ya ce, "Ke kaɗai kika hau da ita?"

Na ce wani mai shara ya taimake ni a matakala. Ya waiga sama, amma mutumin ya riga ya tafi.

Madam ba ta yi mini magana ba har muka koma Umm Salal. Ban ga laifinta sosai ba, aikin da zan bari a kanta zai faɗa, ga biki a gaba. Kwana biyu na yi ina koya mata da 'yan matan yadda ake juya Yumma, da auna suga, da awon maganin safe da na yamma. Na rubuta komai na manna a jikin firiji. Ranar Alhamis Jasim ya miƙo mini ambulan, fasfona da tikitin zuwa da dawowa a ciki. Ya ce daga yau in riƙe abina. Da zan fita Madam ta biyo ni bakin ƙofa da wata leda, turare ne da bargo mai laushi, ta ce in kai wa mamata. Baba Issaka ya kai ni filin jirgi, duk hanya yana yi mini addu'a, a ƙarshe ya ce in na tashi dawowa kada in manta da daddawa.

Na sami Inna da rai. Ta kumbura, idonta ya yi fari, amma tana jin sallamata ta ce, "Sa'adatu ce." Kwana goma sha shida muka yi tare. Na yi mata duk abin da na iya, na yanke mata farce, na taje mata kai, na ba ta kunu a cokali. Yarana na zuwa su zauna a gefen gado tana ba su labarin ƙuruciyata, abin da zai sa su yi mini dariya. Ta cika ranar wata Lahadi da hantsi, kanta a kan cinyata. Ni da ƙanwarta muka yi mata wanka.

Bayan sadakar arba'in dangi suka taru a kaina. Kawuna ya ce wanda Allah ya fitar daga rijiya ba ya komawa ya leƙa. Bashir ya ce zai nema mini aiki a wani asibitin kuɗi a Kaduna. Maganarsu da gaskiya a ciki, kuma rabuwa da yaran a karo na biyu ta fi ta farko ciwo, don yanzu sun san tsawon shekara. Na yi kwanaki ina juya abin. Amma na riga na faɗi magana a kan tudun nan ba wanda ya tilasta ni. Na bar yaran a hannun matar Bashir, na sayi daddawar Baba Issaka, na koma.

Na iso Umm Salal da la'asar. An riga an sha biki, fitilun ado na nan rataye a katanga. Na shiga ɗakin Yumma na tarar da Madam zaune a bakin gado da kwano a hannu, tana lallashinta ta ƙara cokali ɗaya. Da ta gan ni ta ajiye kwanon ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fita ta ja mana ƙofa.

Yumma ta rame ƙwarai. Ba batula a fuskarta. Ta ƙura mini ido.

"Kin same ta?"

"Na same ta, Yumma. Kwana goma sha shida."

"Ta gane ki?"

"Ta gane ni."

Ta lumshe ido ta yi hamdala. Sannan ta ce, "Wa ya yi mata wanka?"

"Ni da ƙanwarta."

Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama nawa, ta juya tafin tana dubawa kamar mai duba ƙyalle a kasuwa. Ta ce, "To ni ma ke za ki yi mini. Na gaya wa Jasim."

Na ce Allah ya ƙara mata tsawon kwana. Ta ce in bar wannan zancen in ɗaga mata filo.

Wata takwas ta ƙara. Ta rasu a ƙarshen zafi, a ɗakinta, 'ya'ya da jikoki kewaye da ita. A can akwai matan da aikinsu ke nan, wankan gawa, kuma ba kowa ake bari ya shiga ba. Jasim da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa jajir, ya ce da su, "Wannan za ta shiga. Wasiyya ce."

Na naɗe hannun rigata, na taɓa ruwan na ji ɗuminsa ya yi daidai, na yi bisimilla, na fara da damanta.